Laftof ɗin Baba ta tashi

Unguwar Shanu, Kaduna.

Zuwa ga ƙanena Sharhabil,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Nafisat da aiki a can Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya ƙalau. Inna ta fita takaba, jikinta da sauƙi, sai dai ƙafar da ke taɓa ta in an yi ruwa.

Maganar laftof ɗin Baba ce ta sa na zauna rubutu, don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance. Ka san tun ranar rasuwa Kawu Isiyaku ya kulle ɗakin, ya ce ko allura ba mai taɓawa sai an raba gado. To, an raba, ta faɗo a kason Inna. Ita kuwa ba abin da take so a ciki sai hirar nan da ka ɗauka ta Baba a azuminsa na ƙarshe, wadda ka juye a ciki kafin ka yar da wayarka a tashar Kawo. Na jona caja na kunna, fitila ta kama, fanka na juyawa, amma sai baƙin allo da farin rubutu, ta ƙi shiga Windo. Na kashe na kunna har na gaji. Wallahi na rasa me zan ce wa Inna.

Na kai wa wani mai gyara, ko buɗe ta bai yi ba ya ce fomat za a yi, komai ya tafi, ta dawo sabuwa fil. Yana faɗa yana murmushi kamar albishir yake mini. Na naɗe abata a mayafi na fito. Daga nan na tuna Firdausi, maƙwabciyarmu da ke aikin kwamfuta a ofis. Ta fara tambayata tsawon lokacin da ta yi a ajiye, sannan ta shiga saitin ta nuna mini kwanan wata ya koma shekarun baya. Ta ce akwai ɗan batir kamar kwabo a ciki, shi ke riƙe saitin, zaman kullen ne ya cinye shi, shi ya sa ta manta inda za ta nemi Windo. Ta sa sabo, ta gyara saitin, sai ga ta ta tashi. Nan take ta juye hirar a filash biyu, ɗaya naka ne, in ba za ka yar ba.

Da la'asar na kunna wa Inna a tsakar gida. Baba na ba ka labarin zuwansa Kaduna a bayan motar gyaɗa, sai ya katse ya ɗaga murya ya kira Inna da sunanta, Harira, a kawo masa ruwa. Sharhabil, Inna ta amsa, har ta dafa tabarma za ta miƙe. Sai ta koma ta zauna, ta ce in mayar da wurin ta sake ji. Ni ce na yi kukan, ita ba ta yi ba.

Ka gaida Nafisat da ɗanku Anas. Inna da 'yata Yasmin suna gaishe ku. Ka sa Baba a addu'a.

Taka yayarka,
Rahmatu