Ragar da Na Ara Maka

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matar Yaya da yara. Ya jikin Umma? Allah ya ƙara sauƙi.

Mataccen kifin da ka aiko daga kududdufinka ya iso. Na kankaro farin abin nan mai kama da auduga daga bayansa, na sa a farantin gilashi da tafasasshen ruwa da 'yan ƙwayoyin riɗi, na ajiye a wuri mai sanyi. Haka muke rainon funfunar da ke kashe kifi a ɗakin gwajinmu, don mu gano maganinta. Kwana uku ta lulluɓe riɗin.

Yaya, sau huɗu ina yaga wasiƙar nan. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka san wata takwas ina rainon wata funfuna da aka kawo mana daga nesa, har abokan aiki na kiranta 'yata. Da na jera farantinka kusa da nata, kamar an tsaga kara. Shugabarmu ta gwada, ta ce ita ce, kuma babu irinta a ruwan yankinmu sai a ɗakinmu.

Sai na tuna ƙaramar ragar nan mai koren hannu da na kawo maka ranar da za ka raba 'ya'yan kifinka. Daga ɗakin gwaji na ɗauko ta. Dokarmu, komai sai an turara shi a tukunya don kashe ƙwayoyin cuta kafin ya fita. Ina sauri, na ɗauraye ta a famfo kawai. Ni da ke yi maka faɗa kullum a kan wanke hannu!

Saboda haka ba maƙwabcinka mai lambu ne ya zuba maka komai a ruwa ba, kamar yadda kake zargi; ragata ce ta kawo cutar da ta kashe maka kifi. Na ji har ka daina amsa sallamarsa, mutumin da kuka yi shekara ashirin tare. Wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ranar Asabar ina tafe da magani don kifin da ya rage. Amma ba gidanka zan fara shiga ba. Ka jira ni a ƙofar mai lambu, ni zan yi masa bayani da bakina.

Ka gaishe da kowa. Ragar kuma ka ƙone ta.

Ƙanwarka,
wadda kake kira Likitar Kifi, in har yanzu sunan ya dace.