Motar Abah da Masu Rabon Gado

Kuala Pilah,
Negeri Sembilan.

Zuwa ga ɗana Shahrizan, a Aberdeen.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, Ijan, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Farhana da jikokina Haziq da Irdina. Allah Ya kare ku daga sanyin ƙasar da kuke ciki, Ya yi wa nemanku albarka, Ya shirya mana zuri'a, domin shiriya ce na fi roƙa maka a 'yan kwanakin nan. Mu nan alhamdulillahi. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta. Ruwa ya yi yawa bana, har ya hana masu tsagar itacen roba fita. Yayarka Haslinda ta warke daga zazzaɓin da ta yi. Kawunka Pak Ngah Sudin an cire masa yanar ido, yanzu yana gani tangaran, har ya fara hango laifin kowa. Itacen rambutan na bayan gida ya yi 'ya'ya, amma birai sun riga mu.

Na san za ka ce me ya sa ni, Mak ɗinka, na ɗauki biro alhali ga waya. Dalili shi ne a waya kai kake magana, ni ina cewa to. Tun kana ƙarami kake da bakin da zai sayar wa mai kwakwa kwakwa. Takarda kuwa ba a katse mata numfashi. Ka nemi wuri ka zauna ka karanta ta har ƙarshe, kada ka miƙa wa Farhana ka ce ta taƙaita maka.

Bayan babbar Sallah ka kira ni da murya mai daɗi, ka ce kana so ka yi mini kyauta. Wai a kai motar marigayi mahaifinka, Abah, garejin wani Teoh a Seremban, a yi mata sabon fenti, a duba birki. Na yi ta sa maka albarka. Har a wajen karatun mata na ranar Laraba na ba da labarinka, na ce ɗana yana can ƙarshen duniya amma bai manta da ƙafar uwarsa ba. Da hannuna na ba Teoh makulli. Tun ranar nake zaune kamar kazar da aka ɗaure, in zan je asibiti sai na roƙi mijin yayarka, in zan je kabarin Abah sai na jira ya gama shan kofi. Na yi haƙuri, ina cewa fenti ba ya bushewa da damina.

Ashe ni kaɗai ce ban san abin da ake ciki ba. A walimar sunan jikan maƙwabta na ji komai. Ina bayan rumfa tare da mata muna zuba shinkafa, tamfol ne kawai tsakaninmu da maza, sai ga muryar Fairuz, mijin yayarka, yana ta zuba kamar rediyo. Wai Ijan ya tafka wauta. Wai ka sayo injin Ingila irin wanda motar ta fito da shi, ka turo shi ta jirgin ruwa, ka ce a cire duk abin da ba na asali ba, domin a ganinka motar da aka taɓa ba ta da daraja, ta asali kuwa kullum sama take yi kamar zinariya. Shi kuwa Fairuz wai ya fi ka hangen nesa. Masu son asali tsofaffi ne masu furfura, nan da 'yan shekaru duk sun kwanta dama. Yaran Kuala Lumpur da Singapore masu kuɗi tsohon jiki suke so da sabon ciki, wato batir da na'urar sanyi da sitiyarin da ake juyawa da yatsa ɗaya. Wai da shi aka bar wa, da lantarki zai sa mata, nan gaba ta ninka taka kuɗi. Mazan suka rabu biyu, wasu na bayanka, wasu na bayansa. Can wani ya tambaya, to ita tsohuwar fa, da me za ta riƙa yawo? Fairuz ya yi dariya ya ce ai ba don yanzu ake wannan lissafin ba, don nan gaba ne.

Ijan, sakandare kawai na gama, amma na san ma'anar nan gaba a bakin ɗa da suruki. Na ɗage tamfol na fito da ludayi a hannuna. Na tambayi Fairuz wace rana suka tsayar don jana'izata, in sani in tanadi likkafani, kada in ba su kunya. Shinkafa ta sarƙe shi, sai da aka bubbuga masa baya. Na tuna masa cewa a adat ɗinmu, al'adar da muka gada, gida na mace ne, shi baƙo ne a ƙarƙashin rufin matarsa, kuma ban taɓa jin inda baƙo ya yi wa kayan masu gida kuɗi ba. Amma kada ka yi murna. Shi baki kawai ya sa. Kai hannu ka sa, ka haɗa da ƙarya.

Washegari Haslinda ta kai ni Seremban. Ban so in gaya maka abin da na gani, amma sai ka ji. Motar tana kan ƙarafa babu taya, gabanta a buɗe, cikinta wayam kamar kifin da aka fafe. Kujerun yadi da na ɗinka wa riga suna jibge a lungu, kyanwa ta kwanta a kai. Katakon da Abah ya sassaƙa ya ɗaga mini kujera, da wanda ya ɗaura a kan birki da totur don ƙafata ta kai, suna cikin kwandon shara. Teoh ya taho yana goge hannu yana murmushi, wai Makcik, uwata, kada ki damu, kin zo a kan gaɓa, mun ceto motar nan. Wai duk wanda ya yi mata wancan aikin ya cuce ta, aikin ƙauye ne, ya kamata a ɗaure shi. Na ce masa mijina ne, yana kwance a maƙabartar bayan masallacinmu, in yana da igiya ya zo in nuna masa wurin. Ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ban ga laifinsa sosai ba, abin da aka biya shi ya yi. Kai ne ka san wanda ya yi aikin, kuma ka bari aka kira shi haka.

Tunda ka zama masanin asali, bari in gaya maka asalin. Abah ya sayi motar nan a hannun Baturen gonar roba da zai koma gida. Mutane suka yi ta dariya, wai ma'aikacin asibiti da motar tsere mai kujera biyu, ina zai sa iyali. Injin Ingilan da kake yi wa kuka ni na zauna da shi, ba a littafi na karanta shi ba. Ba ya son rana, ba ya son ruwa, kayan gyaransa sai an yi wata da watanni ana jira. Kana ɗan wata takwas ka yi zazzaɓi har ka fara sanƙarewa, aka ce a kai ka babban asibitin Seremban. Da tsakar rana, a hawan Bukit Putus, injin nan ya tafasa ya mutu. Ina riƙe da kai a cinya, jikinka ya fi ƙarfen motar zafi, Abah yana tsakiyar titi yana ɗaga wa motoci hannu. A bayan motar katako muka ƙarasa da kai. Kafin a sallame ka ya cire injin ya ba 'yan gwangwan, ya samo na Japan daga wata tasi da ta yi hatsari, ya ɗaura shi da hannunsa a ƙarƙashin gidan nan, tsakanin ginshiƙan da yake tsaye a kansu. Daga ranar motar ba ta ƙara tsayawa da mu a hanya ba. Ita ta kai ka makarantar kwana. Ita ta kai Abah asibiti zuwansa na ƙarshe, ni ke tuƙi. Wannan shi ne abin da kake kira ɓarna. Don kai aka yi ta.

Kai da Fairuz kuna ganin kun saɓa, ni kuwa ban ga bambancinku ba. Ɗaya yana so ya mayar da ita shekarar da aka ƙera ta, ya kulle ta a ɗaki mai sanyi, kada ƙura ta taɓa ta. Ɗaya yana so ya kai ta shekarar da ba ta zo ba. Babu wanda ya tambayi matar da take shiga cikinta kowace safiya. Wace ce za ta fi kuɗi nan gaba, ta asali ko ta zamani? Ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, Teoh ma da na matsa masa ya ce kasuwa ce, yau ta so wannan gobe ta so wancan. A kan abin da babu wanda ya sani kuka cire wa uwa ƙafa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma ban haife ka don ka riƙa duban abin hannun mai rai kana ƙiyasta abin da zai kawo in ya mutu ba. Wannan ba wayo ba ne, rashin tsoron Allah ne, ko da an faɗe shi da Turanci.

Na tambayi Teoh ina injin mijina. Ya sosa ƙeya ya ce ya ba masu sayen tsohon ƙarfe, tunda kai ka ce ba a bukatarsa. Muka je wurinsu, suka ce wani mai kiwon tarwaɗa daga Bahau ya saya. Haslinda ta ce Mak mu koma gida, gwiwarki. Na ce gwiwar tawa ce. Muka kama hanyar Bahau, muka yi ta tambaya har muka samu gonar. Tun kafin in ga injin na ji shi. Yana bakin kududdufi a ƙarƙashin 'yar rumfar kwano, an ɗaura masa bel yana jan ruwa, da irin tarin nan da yake yi in ya ɗumama. Na tambayi wa ke da wurin. Mai gonar, wani dattijo ne ana ce masa Wak Tumin, ya saurare ni har na gama. Ya ce ya tausaya mini, amma da halaliyarsa ya saya, kuma in ruwa ya tsaya kifinsa za su juya ciki sama kafin la'asar. Wai kuɗi ba sa jan ruwa. In ina son injina, in kawo masa wani injin mai juyawa.

To, akwai inji mai juyawa a garejin Teoh, a cikin akwatin katako, an wanke shi an goge yana ƙyalli, da sunanka a jiki. Da na gaya wa Teoh abin da za a yi, sai da ya nemi kujera ya zauna. Ya ce Makcik, injin nan ya fi kududdufin da kifin da shi kansa Wak Tumin tsada. Ya ce bari ya kira ka. Na ce in ya taɓa waya zan zauna a ƙofar garejinsa in gaya wa duk wanda ya shigo yadda ake kwance motar gwauruwa ba da saninta ba. Na tambaye shi, wa ya turo injin? Ya ce ɗanki. Don motar wa? Ya ce taki. Na ce ɗan nawa da bakinsa ya gaya mini kyauta yake yi mini, kyauta kuwa in ta shiga hannu ta zama ta mai ita. Kai ka zaɓi kalmar, Ijan, ba ni ba.

Saboda haka injinka na asali yana Bahau yana yi wa tarwaɗa ban ruwa. Wak Tumin ya aiko mini da kifi, mun dafa shi da madarar kwakwa da barkono, ya yi daɗi. Ya ce a gaya mini injin yana aiki, sai dai yana shan mai kamar ba gobe, kuma da rana ta take sai ya kwara masa ruwa da bokiti, wai halin Bature gare shi. In kana son abinka, ka san inda yake. Ka je da kanka ku daidaita, ni ba ruwana. Injin Abah kuwa ya koma inda ya fito. Kullum da safe ina garejin a kan kujerar roba, ina kallon Teoh yana mayar da kowane kusa. Katakon ma na tsamo su daga shara, na wanke, an ɗaura. Fentin ban bari an taɓa ba.

Ranar da aka binne ni, ku bi abin da Allah Ya tsara na gado, sa'an nan ku yi mata abin da kuka ga dama, ku sa mata batir ko ku sa ta a gilashi. Ba zan ji ba. Amma muddin ina iya taka birki, babu mai ƙara kusantarta da sifana. Kada ka kira ni a kan maganar nan, ba zan ɗauka ba. Kada kuma ka turo mini kuɗi ko turare, ba su na rasa ba.

Ka gaida Farhana, na san ba da shawararta ka yi ba, yarinya ce mai kunya. Ka shafa mini kan Haziq da Irdina, ka tabbata suna zuwa karatun Alƙur'ani. Haslinda tana gaishe ka, Pak Ngah Sudin yana gaishe ka, ya ce yanzu da idonsa ya buɗe yana so ya dube ka da kyau. Fairuz ma yana gaisuwa, a hankali. Ina jiranku hutun Disamba kamar yadda ka yi alkawari. Ka gaya wa Farhana ita da yara za su shiga motar Fairuz daga tashar Seremban, akwai sanyi a ciki. Kai ni zan ɗauko ka. Kujera biyu ce, kuma ta tsohuwar hanyar Bukit Putus za mu bi.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Rokiah binti Dollah