Sunan Zhelyo a Kwamfuta

Litinin, 11 ga Satumba
Rumyana, in ke ce kike karantawa, rufe. Ban tarbiyyantar da ke da leƙen kayan mutane ba.

Yau na zauna share rumbun bayanan amyoyinmu. Jadawalin da Zhelyo ya yi wa suna da sunansa yana nan, shekara guda bayan ya saki 'yata Rumyana ya koma Plovdiv. Tun bazara na canza masa suna zuwa "shara" don kada in riƙa gani. Yau na ce goge. Kwamfuta ta ce ba ta sami "Amyoyin Zhelyo" ba. To wa ya tambaye ta shi?

Talata, 12
Takardar maganin ƙudan zuma ma ta ƙi buɗewa, saƙo iri ɗaya. Juma'a likitan dabbobi zai zo. Ba takarda, ba hatimi, ba sayar da zuma a kasuwar Troyan.

Rumyana ta ce, "Mama, kira Zhelyo kawai." Na ce mace mai mutunci ba ta roƙon wanda ya fita bai rufe ƙofa ba. Ta ce, "To ki roƙi ƙudan."

Laraba, 13
Na kashe kwamfutar na kunna sau bakwai. Ko banitsa, burodinmu mai cuku, ban gasa ba.

Na gano abu ɗaya da kaina: jadawalin magani yana ɗauko lambobin amya daga nasa, da sunan yake nemansa. Aikin ganganci. Mutumin kirki ba ya ɗaure dukiyar gida da sunansa.

Alhamis, 14
Na kira shi, don zuma kawai.

"Mama, lafiya?" Har yanzu Mama.
Na karanta masa saƙon. Ya ce, "Wa ya canza sunan?"
Na ce ba kotu na kira ba.
"Me aka sa masa?"
Na faɗa. Ya yi dariya har da tari. "Na cancanta. Amma sai kin mayar da sunana tukuna. Ki kwashe amyoyin zuwa naki, ki yanke haɗin, sannan ki kore ni yadda ya kamata."

Na rubuta sunansa da yatsuna. Takardar ta buɗe, amya arba'in da biyu, ba wadda ta ɓace. Kusan awa guda yana kan waya, ya bar abincin ranarsa ya huce. Ya tambayi amyar da ke gindin babbar bishiya, ko sarauniyar ta yi rai. Ta yi.

Juma'a, 15
An buga hatimi.

Asabar, 16
Haɗi a yanke, komai a nawa jadawalin. Goge nasa yanzu dannawa ɗaya ne. Ban danna ba, ina da wanki.

Na sa masa kwalbar zuma ɗaya a motar Plovdiv. Hakkin aiki ne, kada a fassara.

Na faɗa wa Rumyana a kan tebur: daga yau a gidan nan ba mai canza sunan komai yana cikin fushi, sai ya kwana uku. Ta ce har da ni? Na ce ci abincinki.