Duron da Na Ba Yaya Hajo

Talata, bayan lisha, Jibiya

Yanzu na dawo daga Katsina, tuwo ma ya ƙi ciwuwa.

Sati uku ke nan gidan Yaya Hajo a Gangara suna fama da amai da zawo, mijinta Malam Idi har ƙafafunsa sun fara mutuwa. Ana ta cewa kwalara ce. Da na je gaishe su da safe, sai na ga duron da na ba ta cike da ruwan sha. Da can a cikinsa nake tsoma fatun da nake sarowa daga Maraɗi, da farin garin nan mai hana ƙwari cin fata.

Na hau babur na sami malamin dabbobi, na nuna masa garin, na faɗa masa zancen duron. Ya ce, "Asanik ke nan, Alhaji. Guba ce marar wari, ko an tafasa ruwan tana nan. Kai su asibiti yau."

Na kwashe su a akori-kura zuwa asibitin Katsina. Likita ya ce za su tashi, amma bai yi alkawarin ƙafafun Malam Idi ba.

A gadon asibiti Yaya ta riƙe hannuna ta ce, "Wallahi sau uku na wanke shi, Sani. Ka yafe mini."

Wai ita ke neman gafarata.