Kyaftin ɗinmu ne ya nuna musu gwiwata

Assalamu alaikum. Admin a ɓoye sunana. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya min a rai.

Ni ɗan ƙwallo ne a wani kulob na unguwa a Rogo, gaba nake bugawa. Kyaftin ɗinmu abokina ne tun muna yara, ko gona tare muke zuwa. Dab da wasan ƙarshe da za mu buga da wani kulob na Karaye, na faɗi a babur, gwiwata ta hagu ta bugu. Shi kaɗai na faɗa wa, ya ce in ɗaure ta in yi shiru kar koci ya ajiye ni a benci, babu mai ji a bakinsa.

Ranar wasa, tun da aka take wasan, ɗan bayansu ba ƙwallo yake bi ba, gwiwar nan yake nema, har ya same ta. A hannu aka fitar da ni, aka ci mu. Kyaftin ne ya goya ni zuwa wurin mai ɗori yana share hawaye, kullum sai ya zo dubiya, Hajiyarmu har albarka take sa masa.

Makon jiya na haɗu da wanda ya taka ni, ya kawo gyaɗa kasuwar Rogo. Ya nemi gafarata, sannan ya ce, "Wallahi yayana, ni ban san kana da ciwo ba, kyaftin ɗinku ne ya ce mana ta hagu ce." Ashe kyaftin ɗinmu ƙanwar kocin Karaye yake nema da aure, yake neman shiga wurin mutumin.

Na tare kyaftin, bai musa ba. Wai hira ce ta kawo, bai zaci za su yi min haka ba, kuma ya roƙe ni kar yara su ji, kulob zai watse. Gaskiyarsa ce, da yawansu 'yan uwansa ne, ga gasa ta matso. Amma ni ko fuskarsa ba na son gani, balle in karɓi ƙwallo daga ƙafarsa.

Jiya golanmu ya ja ni gefe, ya ce kafaɗarsa na damunsa, ba ya so koci ya sani, zai je ya nemi shawarar kyaftin.

Jama'a ya zan yi? In tona kulob ya watse, ko in bar yaron nan ya je?