Falle Ɗaya Daga Kundin Kaka

Ingila, Talata.

Zuwa ga Kawu Bahauddeen,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya, ku da iyali da mutanen kasuwa. Na iso lafiya, sai sanyin da suke kira bazara.

Kawu, na gabatar da takardata jiya a taron masana tarihin zamanin da. Na ba su labarin kundin kakanmu, wanda ya rubuta tafiyarsa daga Katsina zuwa ƙasar gishiri shekara ɗari biyar da suka wuce. An tafa mini har na ji kunya. Sai wata tsohuwa, Farfesa Ursula, wadda ta ƙarar da rayuwarta a kan nazarin tsoffin takardu, ta roƙi ta ga fallen nan ɗaya da kuka ba ni ranar tafiya. Ta ɗaga shi saitin fitila. Akwai tambarin kamfani a cikin jikin takardar, ta ce bai wuce shekara sittin ba. A hankali ta faɗa, cikin tausayi, shi ya fi yi mini ciwo.

Shekara bakwai ina ɗaukar hoton kundin a ɗakinku, ba ku taɓa bari na fita da shi haske ba, ni kuma ban taɓa musa muku ba. Masu shirya taron sun ba ni zuwa Juma'a in kawo hujja, in ba haka ba za a cire aikina daga littafin taron, digirina ma ya hau siraɗi. Don Allah ku gaya mini matar nan ta yi kuskure.

'Yarku,
Juwairiya.

Lafia, Laraba.

Juwairiya 'yata,

Bayan sallama, saƙonki ya same ni a shago ta waya, na karanta sau uku saboda tabarauna ya tsufa kamar mai shi.

Baturiyar nan tana da ido, ki gaishe ta. Ba ta yi kuskure ba. Shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama na buɗe gafakar da kundin yake ciki, na tarar gara ta yi walima. Na je Kano takanas na sayo takarda mai kyau, na dafa tawada, na zauna wata huɗu ina kwafewa harafi bayan harafi, har da shekarar da kaka ya sa a ƙarshe. Ko ɗigo ban ƙara ba. Inda gara ta cinye, na cike da abin da na haddace daga bakin mahaifinmu.

To ina ƙaryar take? In an sake wa gida jinka, ya tashi daga gidan kaka ne? Ke ma ba ki taɓa tambayata ba, kundin kaka kika ce, na ce ga shi. Ki yi musu bayani, ai masu ilimi ne. Ki kuma ci abinci, na san halinki in ranki ya ɓaci.

Kawunki,
Bahauddeen.

Ingila, Alhamis.

Kawu,

Ina gaisuwa. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Ban ce kun yi ƙarya ba, kuma na san ba don ku ba da ko harafi ɗaya bai iso gare ni ba. Amma mutanen nan takarda suke tambaya, ba amana ba. Na yi musu maganar jinka, suka yi murmushi, wani ma ya rubuta ta a littafinsa, shi ke nan. Yanzu ni kaina ban san wane layi ne na kaka ba, wane ne naku.

Saura hanya ɗaya. Farfesa Ursula ta ce ko guntun tsohuwar takardar aka samu, ko kamar farce ne, akwai na'urar da za ta faɗi shekarunsa, za su jira ni. Na san ba za ku zubar da abin da ke da sunan Allah a bola ba. Ina kuka ajiye abin da gara ta rage? Ku duba mini, Kawu, ba ni da kowa a nan, ba ni da wata dabara.

'Yarku mai jiran amsa,
Juwairiya.

Lafia, Juma'a.

'Yata,

Na gaishe ki. Tun jiya nake juya alƙalami.

Ban zubar ba. Na ƙulle guntayen a tsumma shekara goma sha huɗu, don akwai addu'o'in tsari na kaka a jikinsu. Ranar da za a haife ki naƙuda ta zo wa ƙanwata da gardama, kwana biyu, har unguwarzoma ta fara yi mana maganar haƙuri. Ba ni da komai a hannu sai ƙullin nan. Na jiƙa shi duka a ƙwarya, na tace, na ba uwarki ta sha. Kafin la'asar muka ji kukanki.

Babu ko farce, Juwairiya. Da za a maimaita, haka zan sake yi. Ki yafe mini, ki dawo gida.

Kawunki,
Bahauddeen.