Hoton Ƙirjin Tayyiba

Alhamis, 2 ga Mayu, 2024
Kasuwar Maigatari, zafi ba a magana. Na kaɗa wa 'yan kara, masu cinikin shanu, gurmi har la'asar. Da na duba farcena, baƙi ƙirin. Fuskar gurmin ce ta fara ɓarewa, daidai inda yatsa ke sauka.

Da fata ce da ban damu ba. Bara da fatar damon ta yage, matata Tayyiba ta miƙo min hoton ƙirjinta, baƙar ledar nan mai kauri da aka ɗauka a asibiti a Gumel lokacin da tarinta ya tsananta. Ta ce, "Baban Mansura, ɗaura wannan ko ya yi maka amfani, tunda ni bai yi min ba." Na ɗaura, ya yi amo. Kafin kaka ta rasu.

Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ko katin zaɓe ba ta yi ba. Wannan kaɗai gare ni. Cikin ƙwaryar fari ne, in na karkata gurmin a rana sai haƙarƙarinta ya fito ɗaya bayan ɗaya.

Lahadi, 5 ga Mayu
Gumi ne ke cin baƙin. Yanzu kafin alwala sai na kankare farcena a cikin kwalin ashana. Ba zan iya zuba Tayyiba a rariya ba.

Alhamis, 9 ga Mayu
Dogo mai gyaran waya ya manna min salatif a wurin. Ɓarewa ta tsaya, amo kuma ya mutu, kamar ana buga katifa. Wani ɗan Damagaram ya ce, "Mai gurmi, mura yake yi ne?" Aka yi ta dariya. Na ɓanɓare salatif ɗin, ya taho da haƙarƙari biyu. Na yi kuka a bayan rumfa, ban ji kunyar kowa ba.

Talata, 14 ga Mayu
Na rataye gurmin. In ban taɓa ba, ba abin da zai same ta.

Alhamis, 23 ga Mayu
Ban je kasuwa ba. Ilu maharbi ya kawo fatar damo daga Sule Tankarkar, na ce ya koma da abinsa. In na cire hoton ai sai ya yayyage a bakin ƙusoshi. Mansura ta karkaɗe buhun gero a gabana, ba ko ƙwaya a ciki. Irin halin uwarta.

Asabar, 1 ga Yuni
Biki a Gagarawa. Na je don gero kawai, da niyyar kaɗawa sama-sama. Ban san lokacin da hannuna ya sake ba. Mata suka yi ta guɗa, har da ni a dariya.

Tsakiyar ledar ta washe tas, ƙwarya kawai ake gani. Amon kuwa, Allah ya yafe min, ya fi da daɗi.

Aka kira azahar, wani ya miƙo min buta, na yi alwala tare da jama'a. Sai da na sallame na tuna da kwalin ashana. Na duba farcena. Fes.